Kada Ki Yi Tari, Lubabatu

Kowa na tsine wa shekarar korona, amma Lubabatu ba ta cika sa baki ba. Akwai wata rana guda a cikin shekarar da har yau take ɗaukowa tana jujjuyawa a ranta, kamar tsohon zanen aure.

Ranar ce aka kwaso ta daga Djougou zuwa Parakou a motar asibiti, da rana tsaka. Naƙuda ta kama, ɗa ya kwanta a gicciye, ga tari kamar zai tsaga mata ƙirji. Gwaji ya riga ya nuna cutar ce. Mijinta Rachidou, direban babbar mota, ya baro tashar motoci ta Gare a guje da baƙin mai a hannu, amma a bakin ƙofa aka tare shi. Ko ɗaga mata hannu bai samu yi ba.

Ɗakin tiyatar wayam. An kwashe duk abin da ba dole ba, sauran na'urori an naɗe su da leda, an kashe na'urar sanyi don kada iska ta yawata cutar. Mutum huɗu kacal, cikin fararen riguna daga kai har ƙafa, takunkumi bisa takunkumi, gilashi ya yi gumi. Da alƙalami aka rubuta wa kowa sunansa a ƙirji.

Mai allurar kashe zafi ya sunkuyo. Muktar, in ji ƙirjinsa.

"Madam, ba zan ɓoye miki ba. Hanya biyu ce. Ko in yi miki allura a ƙashin baya, ƙasanki ya mutu, idonki biyu a ciro ɗa. Ko in sa ki barci in zura miki roba a maƙogwaro. Da wannan ƙirjin naki, in na kwantar da ke, ban da tabbacin yaushe za ki tashi. Mu ma numfashinki zai feshe mu."

"Ta bayan, likita. Don Allah ta bayan."

"To da sharaɗi. In allura ta shiga, ko motsi. Kada ki yi tari."

Jin sunan tarin kawai ya taso shi. Ta yi, ta yi, har hawaye.

Aka zaunar da ita bakin gado, ta lanƙwasa baya. Muktar ya shafa magani mai sanyi, ya lalubo gurbi da yatsa, ya kafa tsinin allura. Tari ya ƙwace mata. Ya zare da sauri.

"Saura gwaji ɗaya," ya ce, ba da ita yake ba. "Zuciyar ɗan ta fara ja baya. A matso da robar."

Sai wata gajeriyar mata mai kauri ta zo gabanta, ta kama kan Lubabatu ta manna a ƙirjinta, daidai kan sunan Mariama. Ungozoma ce. Muryarta ta fito a dishe ta bayan takunkumi.

"Ke 'yar nan, wannan Hausar taki ta Djougou ce. 'Yar gidan wa?"

"Alhaji Badamasi... mai goro."

"Lale! Alhajin da in ya ba ka goro kyauta sai ya zaɓo mai tsutsa?"

Dariya ta so kuɓuce wa Lubabatu. "Inna, kakana ne fa."

"Na sani, shi ya sa na faɗa. Ni ake aike gidanku sayo wa tsohuwarmu goro, kafin a san za a yi ki. Ɗakin nan na bayan zaure yana nan?"

Ba ya nan. An rushe shi bayan rasuwar Alhaji, an yi shagon sayar da waya. Amma tana rufe ido ta gan shi tsaf: duhu, sanyi, kwanduna jere har rufi, ɗanyen ganye lulluɓe, ƙasa jiƙe da yayyafin safe. A nan ne take ɓuya ita da Housseina 'yar baffanta in sun saci farin goro. Alhaji ya shigo yana jan takalmi, yana ƙwanƙwasa kwanduna da sanda yana cewa, "Ɓerayen gidan nan har ɗankunne suke sawa." Su kuwa sun dunƙule a lungu, hannu a baki, numfashi a ɗauke, dariya na cin cikinsu. Ya san suna nan. Kullum ya sani. Sai ya daɗe yana zagaye da gangan, sannan ya fita. Ba ta ma san a fili take ba Mariama labarin ba.

"To ga Alhaji nan ya shigo," Mariama ta raɗa mata. "Lafe."

Ta lafe. Wani abu ya tsikare ta a baya, ya nutsa. Tari ya taso daga can ƙasa, ya hau, ya tokare maƙoshi. Ta cije takunkumi, ta damƙe rigar Mariama har leda ta yi ƙara. Sanda na bin kwanduna, ɗaya bayan ɗaya, tana matsowa.

"C'est bon, ta shiga," Muktar ya ce, da wata doguwar ajiyar zuciya. "A mayar da robar nan."

Ɗumi ya gangara mata ƙafafu, suka yi nauyi kamar na aro. Aka kwantar da ita, aka kare ta da ƙyalle.

"Yanzu yi tarinki, 'yar Alhaji, har Djougou su ji."

Tana jin ana ja, ana turawa, babu zafi. Sai kuka, siriri, mai masifa. Daga can nesa, kusa da ƙofa, aka ɗaga mata jaririyar, don ba a yarda a matso da ita ba tukuna.

"Mace ce," in ji Mariama. "Kin gan ta da kyau?"

"Na gan ta, Inna. Ku ɗan ƙara ɗaga ta."