Hannun Mai Walda

Kujerar roba ce ta riga mutumin shigowa. Ta daki teburin bakin ƙofa, gorunan ruwa suka tarwatse, matan da ke layi suka watse suna salati.

Likitar zuciya tana bayan labule a lokacin, tana goga kan na'urar hoto a ƙirjin wani saurayi. Asabar ce, ranar hutunta, amma ta saba ba da ita kyauta ga ƙungiyar masu ciwon zuciya na gado. Ajin makaranta aka ara musu, aka ture bencina jikin bango. Abin da take gani a allon bai yi mata daɗi ba ko kaɗan, naman zuciyar ya yi kauri fiye da ƙima. Uwar saurayin ce ta kawo shi a ɓoye. Auta take kiransa, kuma bara yayansa ya faɗi a filin ƙwallo bai sake tashi ba.

"Ina ɗana?"

Maigadi ya yi kuskuren riƙe masa riga, ya sha gwiwar hannu a hanci, ya zauna daɓas yana tarar jini da hula. Labulen ya tsinke har da igiyarsa. Sai ga ƙaton mutum cikin kayan walda, duk tartsatsi ya huhhuda su.

"Maigida, don Allah ka saurara," in ji uwar.

Ya hankaɗe ta, ta bugu da allo. Ya nuna likita da yatsa.

"Ɗaya da kuka kashe mini bai ishe ku ba? Da idona na leƙa ta tagar asibiti, na ga wani ƙato ya haye ƙirjin yarona yana dannawa. Da aka ba ni gawar na shafa, haƙarƙari a karye. Wai ceto ke nan! Tashi mu tafi, kai!"

"Malam, ɗanka ba shi da lafiya, kada ka..."

Ina! Wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Ya fizgi Auta daga kan gadon gwaji, gadon ya kife, wayoyin da ke manne a ƙirjinsa suka ɓaɓɓalle. Ya ja shi kamar akuya.

"Baba, tsaya, jiri nake..."

A bakin ƙofa Auta ya sulale, kansa ya daki siminti.

Likita ba ta san lokacin da ta tsallake benci ba. Ta ɗora yatsu a wuyansa. Shiru. Ta cilla wa nas ɗin da ke taimaka mata makullin mota.

"Na'urar farfaɗo da zuciya tana but ɗin motata! Ki kira motar asibiti kina gudu!"

Ta haɗa tafukanta a tsakiyar ƙirjin Auta, ta fara dannawa.

Mai walda ya ga abin da ya hana shi barci shekara guda, yau kuma ba ta taga ba, a gabansa. Ya yi wata irin kururuwa, ya take wani gurgun benci, ya ɓalle ƙafar bencin. Likita ta ga inuwar katakon, ta kare kanta da hannun dama. Ƙas! Azaba ta ratsa ta har ƙwaƙwalwa. Duka na biyu ya same ta a kafaɗa, ta kife.

Ta rarrafo ta koma. Ta gwada da hannun hagu kaɗai, ƙirjin ko motsi. Ta duba ajin. Jama'a kuwa, kowa ya yi ta kansa, sai kawuna a taga. Leɓen Auta ya soma canja launi. Tsoro ya kama ta, amma fushi ya fi shi yawa.

"Kai! Ka karya hannun da zai tashe shi, to naka ya rage. Durƙusa!"

Ya tsaya da katako a sama, yana haki.

"Zuciyarsa ta tsaya! Ko ka danna, ko ka binne na biyu. Durƙusa na ce!"

Uwar ta kama ƙafarsa tana kuka. Katakon ya faɗi. Ya zube a gwiwoyinsa, likita ta ja hannuwansa masu kanta, ta ɗora su inda ya kamata.

"Miƙe gwiwar hannunka. Danna, saki, danna, saki. Da ƙarfi! Shafa shi na ce ka yi? Kai da kake lanƙwasa ƙarfe?"

Ya danna da gaske. Ƙashi ya ba da ƙara a ƙarƙashin tafinsa, ya janye hannuwa kamar ya taɓa wuta.

"Wayyo Allah, na karya shi!"

Ta kwaɗa masa mari da hannun da ya rage mata.

"Ƙashi yana ɗoruwa, Malam. Danna!"

Haka ya ci gaba, hawaye da majina suna ɗiga a ƙirjin ɗansa, ita kuma tana buga masa ƙidaya da tafi a ƙasa, hannun dama na reto.

Nas ta shigo ba takalmi a ƙafarta. Ta manna faifan na'urar biyu a ƙirjin Auta.

"Kowa ya ja baya!"

Sai da uwar ta rungumo mijinta ta baya kafin ya saki. Jikin Auta ya zabura, ya koma. Likita ta sa mai walda ya ƙara dannawa, sannan ta ce ya dakata, ta mayar da yatsu wuyan. Can ta ɗago.

"Zuciyar tana bugawa."

Da motar asibiti ta iso, uwar ce ta shiga da Auta. Ba ta ko waiwayi mijinta ba. Nas ta ɗaure wa likita hannu a jikin katakon da aka karya shi da shi, don shi ne a kusa. Maigadi yana waje yana rantsuwa sai an kira 'yan sanda.

Mai walda bai gudu ba. Yana zaune a ƙasa, yana kallon tafukansa. Can ya ɗago, murya a dishe.

"Likita, an ce ciwon na gado ne. Daga wa suka gado shi, ni ko uwarsu?"

"Ita mun duba ta da safe," in ji likita. "Ba mu ga komai ba."

Mai walda ya miƙe a hankali, ya ɗaga gadon gwajin da ya kifar, ya gyara masa zama. Ya hau, ya fara ɓalle maɓallan rigarsa.