Wuraren da Dakta Ya Tsallake

Shekara uku ke nan Dakta yana kare haƙƙin mata a rediyo, duk ranar Litinin daga ƙarfe huɗu zuwa biyar na yamma. Shirin sharhi ne kan wasan kwaikwayon da ake nunawa a talabijin ranar Lahadi, labarin wata lauya da mijinta. Dakta ba ya kallon wasan. Matarsa ce ke kallo tana goge masa rigunan mako, shi kuma yana kishingiɗe a ɗaki da littafi a ƙirji. In an gama sai ta shigo da rigunan tana ta faɗa da mijin lauyar, shi kuma ya jawo biro. Washegari ya sa wa maganganunta manyan kalmomi ya kai gidan rediyo. Mata kuwa sai bugo waya suke, suna cewa da ma a samu maza goma irinsa.

Ana nan sai mai askin unguwarsu ya fara bugo waya. Shagonsa na bakin titi: kujera biyu, madubi mai tsaga, da talabijin a rataye sama da ƙofa. Bai taɓa cewa "tsarin danniya" ba, amma ya san wanda ya harari wa a kashi na tara. Mako uku da fara kiransa, mai gabatar da shirin ta sa aka ƙara masa kujera kusa da ta Dakta.

"Daga wata mai zuwa baƙo ɗaya za mu riƙe," in ji ta. "Ɗakin ya yi mana kaɗan."

Dakta ya yi murmushi irin na wanda ya san ba da shi ake ba. Murmushin bai kai gida ba. Ya tarar da matarsa tana dariya ita kaɗai.

"Wallahi mai askin nan ya iya magana. Wai mijin lauyar ya wanke kofi ɗaya yana jiran a tafa masa!"

"Ni ma ai na faɗi haka, a ilmance."

"Ka faɗa, Baban yara. Nasa ne dai aka gane."

Daga ranar Dakta ya daina aski a bakin titi. Ya tafi can wani shago mai nisa, aka yi masa wani irin aski da ya sa ya kwana huɗu bai cire hula ba. Ya kuma lura cewa in sun wuce shagon a mota, "sannu da aiki" ɗin matarsa ya fi na da tsawo. Shekara goma sha takwas da aure, bai tuna ranar da maganarsa ta sa ta yin irin wannan dariyar ba. Ga wani da bai gama sakandare ba, da almakashi a aljihu, ya samu a jimla ɗaya.

Ranar Lahadi ta shigo da riguna, ta buɗe baki ke nan ya ɗaga mata hannu.

"Riƙe sharhinki. Kai wa mai aski."

Ta dube shi, ta rataye rigunan, ta fita.

Da safe a ofis ya buɗe wasan a waya. Minti arba'in ne, shi kuma ashirin gare shi kafin ya shiga aji. Sai ya yi masa yadda yake yi wa kundin ɗalibai: a duba farko, a duba ƙarshe. Wuraren kotu ya kalla tsaf, har yana rubutu. Duk inda ya ga mata sun shiga kicin sai ya ja da yatsa. Ciko ne, surutu.

Da yamma a gidan rediyo ya yi minti bakwai yana magana bai numfasa ba. Ya ga lauyar tana zuba kayan ofishinta a kwali, saboda haka ya wanke marubutan tas: sun sa mace mai ilimi ta ajiye aiki don faranta wa miji, sun mayar da mata baya shekara hamsin. 

Mai aski ya gyara zama. "Yallaɓai Dakta, ai ba ajiye aiki ta yi ba. Ofishin kanta za ta buɗe. Ta gaya wa yayarta a kicin suna yanka albasa, har sau biyu."

"Ba ka ga wurin ba, Dakta?" in ji mai gabatarwa.

"Na fi mai da hankali kan muhimman wurare."

Wata mata ta bugo. "Don Allah Dakta, waɗanne ne marasa muhimmancin?"

Ranar Talata saƙo ya shigo wayarsa, ana gode masa da gudunmawar shekara uku.

Litinin ta zagayo, ƙarfe huɗu ta same shi a mota a ƙofar ofis. Ya kunna rediyo, wai don ya ji labarai. Muryar mai aski ce.

"Mijin nan ba tsoron ta faɗi yake ba. Tsoronsa ta tashi ba da hannunsa ba."

Dakta ya gane maganar tun kafin ta ƙare. Ya san bakin da ta fito. Shekara uku yana kwafar irinta.

"Amma fa ba tawa ba ce," in ji mai aski. "Matar Dakta ce ta faɗa wa mai ɗakina jiya. Ta ce in faɗa, amma in ce ita ce. Ni dai in kujera ɗaya ce, ku nemo ta. Ina da kawunan mutane na jira a shago."

Ya kashe rediyon, ya tayar da motar.

A gida ya same ta a gaban madubi tana gwada mayafi, ta ajiye wannan ta ɗauki wancan, kamar za a gan ta a rediyo. Rigunansa na tule a kan kujera, dutsen guga a gefe, igiyar wutarsa a naɗe.

"Baban yara, an kira ni, wai in je Litinin mai zuwa. Ƙarfe nawa kake fita in za ka gidan rediyon? Kar in makara."

Ya dubi tulin rigunan.

"Uku da rabi," ya ce. "In akwai cunkoso, uku."