Mai Shelar Bappa Musaddiq

Sau biyu ana kashe Bappa Musaddiq a waya kafin Allah Ya karɓi abinsa. Na farko wani mai neman suna ne ya ɗora hotonsa a Fesbuk da salati a ƙasa, alhali bawan Allah yana zaune a gadon asibiti a Kano yana shan kunu. Na biyu ma ba a san wanda ya fara ba. Duka biyun Abdulsalam mai shela ne ya ɗaura lasifika a kan keke-napep ya zaga Bauchi yana ƙaryatawa. A zagaye na biyu ne bakinsa ya yi masa yawa, kamar yadda ya saba, ya ce wa jama'a duk abin da suka gani a waya su watsar, ranar da Bappa zai dawo gida daga bakinsa za su ji.

Mutane kuwa suka riƙe maganar, domin tun takarar Bappa ta farko ba a taɓa ganin motarsa ta shiga unguwa ba sai muryar Abdulsalam ta riga ta. Bappa ya yi majalisa, ya sauka, ya ƙi komawa ko da aka roƙe shi, bai kuma taɓa barin gidan ubansa na Gwallaga ba, gidan da ruwa ke shiga zaurensa duk damina. A garin da ɗan siyasa ke canza unguwa tun kafin a rantsar da shi, wannan kaɗai ya isa a so mutum.

Ranar da abin ya zama gaskiya, da hantsi aka aiko daga gidan Bappa a kira Abdulsalam. Ya tarar an fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ba wanda ya ce masa komai, ba kuma sai an ce ba. Hajiya Bilkisu, matar Bappa, wadda ciwon ƙafa ya hana zaman jinya, ta sa aka shigo da shi har bakin ɗakinta.

"Suna hanya da shi," ta ce. "Bayan la'asar za a yi jana'iza. Abdulsalam, manyan nan za su zo ko an gaya musu ko ba a gaya musu ba, da masu ɗaukarsu hoto. Ba su nake ji ba. Mutanensa nake so su sallace shi, kuma ka san ba za su yarda ba sai sun ji daga gare ka. Kai ka ce musu haka."

"Ni na ce, Hajiya."

"To je ka gaya musu."

Ya fito yana laluben takalminsa kamar wanda bai san ƙafarsa ba. A waje Elisha ya riga ya ɗaura lasifikar a kan rufin kekensa. Elisha mutumin Bogoro ne, dattijo mai furfura a gefen kai, shi ke jan Abdulsalam duk lokacin shela. Idanunsa sun yi ja, amma hannunsa na aiki, yana haɗa waya da batir.

"Ina za mu fara, Malam?"

"Inkil. Su ne nesa, su samu lokacin tahowa."

Duk hanyar Gombe Abdulsalam yana ta jera kalmomi a ransa yana rushewa. Mutumin da ake cewa ko a barci aka miƙa masa makirfo zai yi awa guda bai maimaita jimla ba, yau ya rasa ta inda zai kama. Ya gyara zama, ya cire hula, ya mayar. Ya ce wa Elisha ya rage gudu, da ya rage kuma ya ce masa ko tura keken ake yi ne. Gabas ta fara haɗa hadari, iska mai ɗumi tana kaɗa masarar da ke gefen titi.

Inkil na Bappa ne tun shekarar da wasu masu kuɗi suka zo da igiyar awo za su yanka gonakin mutane filaye. Shi ya tuɓe takalmi ya shiga kunya-kunya da manoma, ya tsaya musu har aka naɗe igiyar aka tafi. Tun daga nan ko sunansa aka ambata a garin sai ka ji wani ya ce Allah Ya ƙara masa lafiya.

Da suka karya kwanar shiga gari, hannun Elisha ya yi abin da ya saba yi. Ya danna hon irin dannawar kamfen, gajere-gajere sannan mai tsawo. Shi kansa sai da ya ji ƙarar ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi, amma ta riga ta fita.

Kafin su kai gindin ɗorawar da ake taruwa, gari ya fashe. Mata suka leƙo ta kan zana, wata ta rangaɗa guɗa, wata ta karɓa daga can ƙarshen layi. Masu aiki a gona suka yar da fartanya suka taho da gudu. Abdulsalam ya kunna makirfo, ya yi sallama, muryarsa ta fita garau kamar ba abin da ya faru, jama'a suka amsa da sowa. Wani ya ɗaga waya sama yana cewa ga shi nan sun sake ƙaryar tasu tun safe, Allah Ya kunyata su.

Modibbo, limamin garin, tsoho mai dogara sanda, ya ratso mutane ya kama ƙarfen keken da hannu biyu. Fuskarsa cike da murna, har haƙoransa biyu da suka rage suna waje.

"Ɗana, na ce musu kada wanda ya yi kuka sai mun ga kekenka. Yau zai dawo ko?"

Abdulsalam ya dubi tsohon. Ya buɗe baki, makirfo na gaban leɓensa, abin da lasifika ta fitar numfashi ne kawai. Tsoro ya kama shi, tsoro sosai, ba na mutane ba, na ganin abin da fuskar nan za ta koma idan ya faɗa. Ya kashe makirfo.

"Elisha, ja mu tafi."

"Malam, ba ka..."

"Na ce ja mu tafi."

Suka fita ana bin su da tafi. Ta madubi ya hango an fara fito da tsintsiya ana share gindin ɗorawa.

Da suka koma kan kwalta Elisha ya ce:

"Laifina ne, ni na danna."

"Kai ka danna, ni na yi shiru. Bari mu gama da Gwallameji, bakina ya saba, mu dawo. Akwai lokaci."

Mutum idan yana gudun abu, lokaci kullum yawa yake yi masa a ido.

Suka ratsa gari zuwa Gwallameji, unguwar sabbin gidaje da get-get na ƙarfe. Nan ba a fito da gudu ba, ma'aikata ne, yawanci suna ofis. A bakin shagonta suka tarar da Madam Roda mai sayar da kayan masarufi, wadda ta yi shugabar matan tafiyar Bappa a unguwar. Ta taso tana murmushi, ta zo kusa, ta dubi Abdulsalam, ta dubi Elisha. Murmushin ya tafi.

"Gaskiya ne ke nan," ta ce a hankali.

Abdulsalam ya gyaɗa kai.

Ta zauna a bakin dakali ta ɗora hannu biyu a ka. Can ta ɗago ta ce, "To ka faɗa mana. Ka faɗa, mutane yana jira."

Da yake wani ya riga shi furtawa, sai abin ya zo masa da sauƙi. Ya kunna makirfo ya yi salati, ya ce Allah Ya yi wa Bappa Musaddiq rasuwa, za a yi jana'iza bayan la'asar a ƙofar gidansa da ke Gwallaga. Muryar ta karye a kan sunan, ya sake, ta sake karyewa, ya ci gaba a haka. Layi bayan layi ana buɗe get ana fitowa. Daga nan suka shiga cikin gari, kasuwa da tasha da lungunan maƙera, masu shaguna na ja da ƙofofi tun kafin ya kai ƙarshen magana. Duk inda ya faɗa sai ya ce wa Elisha saura layi ɗaya, duk layin da suka gama sai ya tuno wani. Elisha ya gane abin da ake yi, ya haƙura har ya gaji.

"Malam, azahar ya wuce tun ɗazu. Mutanen can suna shara."

Sai a lokacin suka juya. Amma garin da suka ratsa da safe ba shi ne yanzu ba. Manya sun fara isowa, jiniya ta ko'ina, an tare manyan hanyoyi domin jerin motoci masu baƙin gilashi su wuce. Mutanen da Abdulsalam ya tasa da bakinsa sun cika sauran, duk suna fuskantar Gwallaga, keke ɗaya ne tak ke neman fita. Ya sauka ya roƙi hanya, ya hau, ya sake sauka. Ya kira lambar wani ɗan Modibbo, aka ɗauka da dariya da ƙarar ganga a baya, aka ce masa su dai suna nan suna jira, kafin ya faɗa layin ya katse. Ya sake kira bai shiga ba. Sama ta yi baƙi ƙirin, aka fara yayyafi.

Ana kiran la'asar suka shiga Inkil. Wannan karon Elisha ya ɗora hannunsa biyu a kan sitiyari bai motsa su ba. An kafa rumfa a gindin ɗorawa, an jera kujerun roba, an ajiye guda ɗaya mai hannu a tsakiya da darduma a kai. Maza sun saka fararen kaya, ƙamshin shinkafa na tashi daga bayan gidaje. An yanka rago.

Abdulsalam bai taɓa makirfo ba. Ya sauka ya je gaban Modibbo ya durƙusa a ƙasa mai laima, ya faɗa da bakinsa, a hankali, yadda sai na kusa suka ji. Daga na kusa maganar ta bi layi, ana jin gangar ta tsaya, sannan kukan mata ya taso daga wajen tukwane.

Modibbo ya daɗe yana salati. Sannan ya tambaya, "Da ka zo da safe, ka sani?"

"Na sani, Allah gafarta Malam."

Tsohon bai zage shi ba, da ma ya zage shi. Ya miƙa masa hannu kawai ya ce, "Tashe ni. Ko ma samu."

Aka cika keken Elisha da tsofaffi, aka cika wata akori-kura, saura suka hau babura, wasu suka taho a ƙasa da fararen kayansu na tarba. Ruwa ya kece a hanya. Abdulsalam na maƙale a gefen direba rabin jikinsa a waje, yana ta cewa a yi sauri, kamar akwai wanda bai sani ba.

Tun kafin su kai Gwallaga suka fara cin karo da mutane suna dawowa, riguna jiƙe, ƙafafu da hannaye duk jar laka. Wani tela da ya san Abdulsalam ya tsayar da su ya ce ganin hadari ya sa ana sallame la'asar aka sallace shi, aka ɗauka. Ya ce bai taɓa ganin jama'a irin ta yau ba, makara ba ta taɓa kafaɗa ɗaya sau biyu ba. Ya ce Allah Ya saka wa Abdulsalam da alheri, shi ya tara su. Abdulsalam ya kawar da kai.

"Mu je maƙabartar," in ji Modibbo.

Sun isa ruwa ya tsagaita, rana na shirin faɗuwa. Ba kowa, masu haƙa ma sun tafi. Elisha ya tsaya a bakin ƙofa ya cire hularsa. Mutanen Inkil suka shiga a jere, laka na kama takalmansu, har ƙarshen fili inda ake sabbin binnewa. Modibbo na riƙe da hannun Abdulsalam, yana numfashi sama-sama.

"Nuna mana shi, ɗana."

Abdulsalam ya duba. Ba Bappa kaɗai aka kai ranar ba. Sabbin kaburbura ne a jere, ƙasarsu ja, tsawonsu ɗaya, ruwa ya daki kowanne ya lailaye shi daidai da ɗan'uwansa. Sawun dubban mutane ya tattake wurin gaba ɗaya, bai bar alamar inda aka fi tsayawa ba. Ya matsa wajen na farko, ya dawo na tsakiya, ya sake matsawa. Mutane na bayansa suna jira, duk inda ya taka sai su bi shi da ido.

"Ban sani ba," ya ce. "Ban ga inda aka sa shi ba."

Modibbo ya saki hannunsa, ya jingina sandarsa a jikinsa, ya ɗaga tafukansa sama.

"To mu yi musu gaba ɗaya."

Jama'a suka ɗaga hannu. Abdulsalam ma ya ɗaga nasa, yana kuka kamar yaro, yana duban wannan kabari yana duban wancan.