Muryar Kwamfutar Yaya

Yayana makaho ne, kwamfutarsa ce ke masa karatu. Akwai wata murya a cikinta mai faɗa masa duk abin da ke rubuce, da ita yake aikin fassarar da yake ciyar da iyalinsa. To, kwamfutar nan ta tsufa tukuf. An daina aiko wa babbar manhajarta gyara, har masu ba shi aiki suka ce in bai sabunta ba, sun daina turo masa komai. Shi kuwa ya kafe ya ƙi, yana tsoron kar muryar ta tafi ta ƙi dawowa. Ni da ba na iya ganin abu in yi shiru, na sa shi gaba da mita har ya sallama.

Na kawo wata mai gyara da muke kira Injiniya. Ta zauna ta danna, ta leƙa baya, sai ta tambaye mu tun yaushe gilashin kwamfutar ya mutu. Ni da matar Yaya muka kalli juna. Wallahi babu wadda ta sani! Shekara da shekaru muna wucewa muna ganinsa baƙi ƙirin, mun ɗauka kashe shi yake yi. Yaya ya yi dariya har da buga cinya.

Aka cicciɓo talabijin ɗin yara daga falo aka jona. Injiniya ta ce ba za ta taɓa komai ba sai ta kwafe aikinsa kaf a wani faifai daban, ta kuma buɗe kwafin ta tabbatar yana buɗuwa. Ta bincika ko manhajar muryar za ta zauna lafiya da sabuwar, sannan ta jona batirin ajiya don kar a ɗauke wuta ana tsaka da aiki. Na ce mata wannan ai sanyin jiki ne. Ta ce in nemi wuri in zauna, na kuwa zauna.

Tana fara sabuntawar, muryar ta yanke a tsakiyar kalma. Mu muna kallon wani layi yana cika a hankali, shi kuwa ya ɗora yatsu kan madannai, ba abin da ke amsa masa. Ban taɓa ganin makantar Yaya ba sai ranar. Kuma ni na ja masa.

"Ƙanwata, me ake ciki?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

Na matso na riƙa karanta masa duk abin da ya fito, ina tuntuɓe da kalmomi. Kwamfuta ta mutu ta tashi, ta sake mutuwa ta tashi. Can dai Injiniya ta sa manhajar muryar, ta janye hannunta, ta ce ya danna da kansa.

Ya danna. Murya ta yi magana, a hankali kamar mai koyon karatu. Yaya ya ƙara mata gudu, ya sake ƙarawa, har ta koma wani zuuu da ko kalma ɗaya ban iya tsinta ba. Shafuka suka riƙa buɗewa suna rufewa a talabijin, idona ya kasa bin su. Ashe haka yake aiki duk shekarun nan, ina wucewa ina tausaya masa.

Ya share ido da bayan hannu, yatsun ɗayan hannun na ta gudu.

"Ku mayar wa yara talabijin ɗinsu," in ji shi. "Ina da aiki."