Taya Mai Laushi

Shekara talatin da ɗaya Sharfuddeen ya yi yana sayar da taya a unguwar Harra ta Yamma a Madina, kuma bai taɓa yarda da abin da aka rubuta a jikin taya ba sai ya dasa mata farce. Yakan tsuguna, ya kafa farcen babban yatsansa a kan haƙoranta, ya danna. In robar ta ƙi, ya ce ta yi. In ta lotsa da sauƙi, ya miƙe ya kakkaɓe hannu ya ce a kai wa wani. Yana da dalilinsa. Kwaltar Madina a watan Yuli dafa taya take yi, kuma ya sha ganin mai laushi ta fashe a hanyar Makka da iyali a cikin mota. Baƙaƙen duwatsun harra da suka kewaye garin kuwa yanka suke kamar wuƙa. Shi ya sa duk mai jif da ya tsaya a shagon tayarsa, tayar daji yake ba shi, mai manyan haƙora da kaurin gefe, wadda ke shiga yashi da dutse da kwalta ba ta damu ba.

Babbar 'yarsa Suhaila likitar yara ce, tana ƙarin horo a Winnipeg ta ƙasar Kanada. A watan Satumba ta sayi jif na hannu. Asibitin da aka tura ta yana bayan gari, tafiyar kilomita arba'in, kuma kullum sai ta biya ta ajiye 'yarta Asma a makarantar renon yara kafin ta hau babbar hanya. Mijinta yana karatu a wani gari, sai ƙarshen mako yake zuwa.

Ranar Litinin bayan magariba ta kira ta bidiyo. A can ƙarfe tara na safe ne. Tana tsaye a cikin wani shagon taya mai haske, ta cire rigar sanyi ta rataya a hannu. Kamar kullum, shi yana Hausa, ita tana amsawa da Larabci, sai in magana ta yi zafi ta dawo Hausa.

"Abuya, tayoyin motar sun suɗe. Mai shagon ya ce in zaɓa: ko tayar daji irin taka, ko tayar sanyi. Ya ce ta sanyin ya fi so in saka."

"Nuna min su."

Ta juya wayar. Ta farko ya gane ta tun daga nesa, irinta na jere a shagonsa. Ta biyun haƙoranta ƙanana ne, kowane an tsattsaga shi da siraran layuka kamar an bi shi da reza.

"Danna ta farko da farcenki."

"Ta ƙi."

"Madalla. Danna ta biyu."

"Ta shiga. Kamar abin goge fensir."

"To shi ke nan. Wannan ba taya ba ce, alewa ce. Wata biyu ta narke miki a hanya."

"Abuya, a nan ba abin da ke narkewa."

"Roba roba ce, ko a Madina ko a bangon duniya. Wancan bawan Allah so yake ki sayi taya takwas a maimakon huɗu, ki dawo masa da bazara ya kwance, ki dawo da sanyi ya ɗaura. Na san aikin, ni ma shi nake yi. Ki dubi haƙoran ta dajin. Yashin hamadar Ula bai riƙe su ba, wace dusar ƙanƙara ce za ta riƙe su?"

Suhaila ta waiwaya. A bayanta mai shagon, wani dogon Bature mai jan gemu, yana jingine da teburin shagon yana jira.

"Ɗayyib, na ji," ta ce. "Zan ce masa ta daji. Jibi da tara zan kawo motar."

Sabuwa, matar Sharfuddeen, ta ji komai daga inda take zuba shayi.

"Abu Suhaila, kai ka taɓa ganin dusar ƙanƙarar nan da idonka?"

"Na gani a Tabuka."

"A hoton waya ka ga ta Tabuka."

"Taya na sani, ba ƙanƙara ba. Tayar aka tambaye ni."

Ta miƙa masa kofin.

Laraba da safe Issoufou ya kira shi. Mutumin Damagaram ne, shekara tara yana aiki a wata gonar dabino a unguwar Al-Awali, shi ke kula da ɗakin sanyin da ake daskarar da ɗanyen dabino don ya kai Ramadan. Akwai ƙaramar motar da ke ɗaga kwalaye a gonar, kuma Sharfuddeen ne ya ɗaura mata sababbin tayoyi a watan Agusta. A da a fili take aiki. Makon jiya aka mai da ita cikin ɗakin.

"Bakano, zo ka ga tayoyinka suna rawa."

"Kakana ne Bakano. Ni a Madina aka yanke min cibi."

"Ai shi ya sa aikin naka bai kai na Kano ba, bai kai na Larabawa ba. Ka zo dai, jiya saura kaɗan ta manna ni da bango."

Ya isa wajen ƙarfe goma. Issoufou ya ba shi wata tsohuwar riga mai kauri da ke warin dabino, ya ja masa ƙofar ƙarfen. Agogon auna sanyi da ke jikin bango yana nuna goma sha takwas ƙasa da sifiri. Sanyin ya kama masa haƙora tun kafin ya yi taku uku. Ƙasan siminti ne, da 'yar farar raɓa da ta daskare a kai.

Issoufou ya hau motar, ya tafi a hankali, ya taka birki. Tayoyin suka tsaya cak, motar kuwa ba ta tsaya ba. Ta ci gaba da zamewa wajen taku biyu, gindinta ya karkata, sannan ta tsaya dab da jerin kwalaye.

"Ka gani? Lahiya lau take a rana. Da ta kwana a nan, sai ta koma jaki a kan tangaran."

Sharfuddeen ya tsuguna, ya kafa farce. Robar ba ta motsa ba. Ya ƙara ƙarfi har farcen ya yi fari, ya ji kamar ƙofar katako yake dannawa. Ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ta amsa masa da ƙara. Tayar nan ya san ta. Da hannunsa ya zaɓe ta, kuma ranar da ya ɗaura ta tana da ɗan sassaucin da yake so, wanda ke sa roba ta kama ƙasa.

"Fitar da ita rana," ya ce.

Suka zauna a gindin wani dabino suna shan shayi. Bayan rabin awa ya tashi ya danna. Farcen ya shiga daidai yadda ya saba.

Bai koma wurin shayin ba. Ya buɗe bayan motarsa, inda yake ajiye wani yanki da ya yanko daga tayar daji don nuna wa masu saye kaurinta. Irin wadda ya zaɓar wa Suhaila ce. Ya danna shi a rana, ya ba da kai kaɗan. Ya miƙa wa Issoufou.

"Sa min wannan a ciki, can ƙurya."

"Yau kuma taya za mu daskarar? Da azumi wa za mu sayar wa?"

"Winnipeg ta kai nawa yanzu?" Sharfuddeen ya tambaya, kamar da kansa yake. Ya ciro waya ya duba. Goma sha shida ƙasa da sifiri, kuma Nuwamba ce, sanyin bai fara ba tukuna.

Suka yi azahar a ƙaramin masallacin gonar. Ƙarfe biyu Issoufou ya fito da yankin robar a cikin tsumma. Sharfuddeen ya danna, ya murɗa, ya yi ƙoƙarin lanƙwasa shi. Sannan ya ɗora shi a kan simintin ɗakin, ya tura da tafin hannu. Ya tafi sumul har bango, manyan haƙoran ba su kama komai ba.

Ya tsaya yana kallonsa. Jif ɗin Suhaila ya kai nauyin tan biyu, kuma ba tafiyar ɗakin dabino take yi da shi ba.

"Lahiya, Alhaji?" Issoufou ya daina wasa.

"Na ba yarinyar nan shawara shekaranjiya."

"Likita?"

"Ita."

Ya kira ta daga bakin ƙofa. Biyar na asuba ne a can, wayar a kashe. Ya rubuta mata da Larabci: kada ki kai motar sai mun yi magana. Saƙon ya tafi, ba a buɗe ba. Ya koma shago. Da la'asar ya sake kira, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya san lokacin ne take fama da Asma da takalma da safar hannu. Wani mai jif ya zo neman taya huɗu zai tafi Yanbu, ya ɗaura masa, ya auna iska sau biyu don ya manta ko ya auna. Biyar da rabi ya kira, ta katse. Tana tuƙi ke nan. Ita ba ta taɓa waya a kan hanya, shi ya koya mata haka.

Ya yi magariba a masallacin layinsu, ya fito da takalmi a hannu yana danna lambar. A ƙara ta huɗu ta ɗauka.

"Abuya, yanzu na ga saƙonka. Wani abu ya sami Ummi?"

"Lafiyarta ƙalau. Ina motar?"

"Tana sama. Ya ɗaura biyu na gaba."

"Ce masa ya dakata."

"Me ya faru?"

"Ce masa tukuna."

Ya ji ta yi Turanci, ƙarar injin kwance ƙusa ta tsaya.

"Yanzu fita waje. Ki samo min motar da ta kwana a fili da tayar daji, da wadda ke da tayar sanyi."

"Abuya, sanyin waje yana tsaga fuska."

"Shi nake nema."

Hoton ya yi ta rawa, sannan komai ya yi fari. Filin ajiye motoci ne, an ture dusar gefe ta yi tudu. Mai jan gemun ya biyo ta, ya nuna wata akori-kura da aka bari tun jiya, sannan ya nuna tasa motar. Suhaila ta tsuguna a gaban akori-kurar, ta cire safar hannu da haƙori.

"Farcena gajere ne."

"Sa makulli. Da gindinsa, ba da baki ba."

Ta danna. "Kamar dutse."

"Ɗayar fa?"

Ta matsa wajen motar mai shagon. "Ta shiga. Kusan kamar shekaranjiya a cikin shago." Ta ɗago tana kallon wayar, hancinta ya yi ja. Ta koma Hausa. "Baba, kai fa ka ce alewa ce."

"Na ce. A ɗaki mai ɗumi na sa kika gwada, a nan na yi kuskure. Ita laushinta na sanyi ne. Tawa a can itace take zama. Ki ce ya kwance biyun, ya sa miki ta sanyi, duka huɗu. Kada ya raba miki biyu da biyu."

Tun tana yarinya ba ta taɓa jin ya janye magana a kan taya ba, shi ma ya san haka.

Ta juya ta yi wa mai shagon bayani. Mutumin ya saurara, ya leƙo fuskarsa cikin wayar, ya ɗaga wa Sharfuddeen hannu, sannan ya faɗi wata doguwar magana.

"Ya ce girman da motata ke ci ya ƙare jiya, kowa yanzu yake tunawa da su. Sai Asabar za su iso. Ya ce ko ya bar min ta dajin kafin nan, ko ya mai da tsofaffin."

"Gobe kina da aiki?"

"Gobe da jibi. Kuma an ce za a yi ruwan da ke daskarewa a kan kwalta."

"To motar ta kwana wurinsa har Asabar."

"Abuya, bas biyu zan hau, sannan in jira motar asibiti. Awa biyu ke nan, da Asma a hannu."

"Da maganarsa kika bi ranar Litinin, da yanzu kina hanya da tayarki. Ni na jawo miki. Amma ki hau bas ɗin."

Ta ja numfashi, tururi ya rufe hoton. Ta cire makullin daga zoben da ke ɗauke da na gida, ta miƙa wa mai jan gemun.

"Na ba shi," ta ce. "Bari in shiga ciki, yatsuna sun mutu."