Irin Kindirmon Inna

Duk Rijiyar Lemo an san kindirmon Ruwaida, amma ita ba ta yarda a ce nata ne. Na Inna ne, in ji ta. Inna, mahaifiyarta, ta rasu shekara tara ke nan, ta bar mata shanu biyu a bayan gida da wani ɗan ƙoƙo da ya sha ɗinki. A ƙoƙon nan ake ajiye iri, wato ɗan kindirmon yau da za a zuba a madarar gobe don ta kama. Tun daga hannun Inna irin bai taɓa yankewa ba, kuma Ruwaida ta fi ji da shi a kan duk abin da ta gada.

Yayarta Bintu, da suke gida ɗaya, ita ke tatsa. Ruwaida kuwa ita ke dafawa, ta ɗura a robobi, ta kai shagon Madam Nneka a Sabon Gari kowace safiya.

Ran Litinin aka wayi gari hantsar Goshi, babbar saniyar, ta kumbura ta gefe ɗaya, ta yi zafi rau. Nono ɗaya sai gudaji yake fitarwa da ruwa-ruwa. Ruwaida ta kira Malam Gidiyon, likitan dabbobi mutumin Zariya mai shago a Sabon Gari. Ya zo ya tatse nonon tas, ya matsa magani a ciki, ya yi mata allura, sannan ya juyo.

"Hajiya, ku saurare ni ku biyu. Goshi ce ƙarshen tatsa, tsummanta daban, a wanke hannu, in an gama a tsoma kan nono a ruwan aidin. Madararta kuma a zubar, har kwana huɗu bayan an gama magani."

"Ta nonon da ke ciwo dai ko?" in ji Bintu.

"Duka huɗun. Maganin yana bin jini."

Bintu ta taɓe baki. Mace ce da ko ƙwayar shinkafa ta faɗi sai ta tsince, to ina ga madara fara sol.

Washegari da Ruwaida ta dawo daga kai kaya ta tarar da bokiti ya kusa cika. Ta ɗan tsaya.

"Yaya, duk wannan na ƙaramar ce? Kin zubar da ta Goshi?"

"Wallahi na zubar. Ni za ki titsiye kamar yarinya?"

Ruwaida ta ji kunya har ta ba da haƙuri. Ta dafa madarar, ta bari ta huce, ta juye irin ƙoƙon duka kamar kullum, ta rufe.

Da safe ta ɗaga murfi. Madara na nan tsululu yadda ta bar ta, sai wani ɗan wari. Ko karyawa ba ta yi ba ta tari adaidaita. A cunkoson mahaɗar Bata ji take kamar ta sauka ta ruga da ƙafa, don ko roba ɗaya ta jiya ta samu, iri ya tsira.

"Ayya, maman kindirmo," in ji Madam Nneka tana buɗe mata firij, "tun la'asar ya ƙare. Kayanki ba ya kwana."

Daga nan ta wuce shagon Gidiyon a fusace, ta ce maganinsa ya lalata mata gida. Bai yi fushi ba.

"Hajiya, an haɗa madarar Goshi a ciki. Maganin da ke kashe ƙwayar cuta shi ke kashe iri, dafawa kuma ba ta raba shi da madara. Gara ma da bai kama ba, da yanzu yana cikin mutane."

"Yayata ta rantse min."

Gidiyon ya sunkuyar da kai yana gyara kwalaben da ba su buƙatar gyara.

Ta samu Bintu a tsakar gida tana jiƙa dusa. Da ta tambaye ta, Bintu ba ta ma musa ba, abin da ya fi ƙona ran Ruwaida ke nan.

"Ta mai ciwon na zubar. Sauran ukun lafiyarsu ƙalau, in kwarar a kwata don wani ɗan boko ya faɗa? Inna ba ta taɓa zubar da madara ba."

"Da kin faɗa min, Yaya. Da na rage ko cokali ɗaya. Na tambaye ki fa, kika kalli idona kika ce wallahi."

"To, ba sai a sayo wani a kasuwa ba? Iri ai iri ne."

Ruwaida ta dube ta. Cikinsu ɗaya, hannu ɗaya ya ba su kindirmon nan suna yara, amma matar nan ba ta ma san abin da ta kashe ba. Ta juya ta shige ɗaki.

Goshi ta warke cikin mako, an kuma sayo iri a kasuwa, ya kama. Madam Nneka ta ɗanɗana ta ce, "Yana da kyau, amma wa ya yi wannan?"

Tun daga ranar Ruwaida ke tatsa da kanta. Ƙoƙon kuwa ta wanke shi ta kife a ƙasan akwati, don ta ce ba za ta zuba na kasuwa a cikin na Inna ba.