Karen da Ya Ƙi Saki

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa tsoho Hoyt magana, karensa Cotton bai ƙara sauraren kowa a gonar ba. Fari ne fat, shi ya sa aka sa masa sunan auduga. Ƙirji kamar turmi, kai kamar tukunya, irin karnukan da manoman kudancin Georgia ke ajiyewa don kamun shanu. Idan saniya ta yi gardama, sai a sake shi, ya cafke ta a kunne ya tsaya cak. A gida kuwa har yara kan hau bayansa, shi dai sai dalalar da yawu.

Lurleen, 'yar Hoyt, ta baro aikinta a birni ta dawo jinya. Ta san lokacin maganin mahaifinta, ta iya juya shi a gado, amma shanu ba ta taɓa sanin kansu ba. Aikin yayyenta maza ne, su kuma duk sun watse.

A makon da ya wuce karsanar maƙwabci ta faɗo musu gona, Cotton ya kama ta. Lurleen ta yi ihu har muryarta ta dushe, ta ja shi ta wuya iya ƙarfinta. Tana ja, yana ƙara datsewa. Sai da Kawu Dewey, ƙanin mahaifiyarta, ya cusa masa sanda ta gefen baki aka raba su, kunnen karsana ya yage gida biyu.

"Ke 'yar birni, saurara," in ji Kawu Dewey ran Juma'a, yana zaune a baranda da kofin shayi mai ƙanƙara. "Karen kamu da ba ya saki bindiga ce ɗananniya a tsakar gida. Yau kunnen saniya, gobe hannun ɗan mutane. Gobe Asabar zan kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar mutuwa, ya huta mu huta."

"Kawu, a gaban Baba kake faɗin haka?"

"Bakinsa ne ya mutu, ba hankalinsa ba. Ya fi ni sanin dokar. Ko ba haka ba, Hoyt?"

Hoyt bai dube shi ba. Hannunsa mai lafiya yana kan karen, wanda ya ɗora haɓa a gwiwarsa. Tun da aka dawo da tsohon daga asibiti, nan kaɗai Lurleen ke ganin fuskarsa ta saki.

Rana ta take tsaka sai jar saniyarsu, wadda wayar shinge ta yanka a ƙafa aka killace ta don magani, ta ɓalle katakon shinge ta nufi babban titi inda manyan motocin katako ke wucewa a guje. Kawu Dewey gwiwa ta daɗe da cin amanarsa. Lurleen ba ta tsaya shawara ba.

"Kama ta, Cotton!"

Kafin ta rufe baki ya kai. Ya cafke kunnen, saniya ta yi wurgi da shi sama, ya dawo ƙasa bai saki ba. Ta juya, ta juya, ta gaji ta tsaya tana huci.

Lurleen ta isa da gudu. "Saki! Cotton, saki!" Ko gezau. Zafi ya yi yawa, irin karnukan nan kuwa gajeren hanci gare su, ba sa jure shi. Tana jin numfashinsa yana fita da gurnani, ƙafafunsa na baya suna rawa. Ta kai hannu za ta ja shi kamar wancan karon.

Sai ta ji ƙwanƙwasa daga baranda. Mahaifinta ne ke bugun ginshiƙi da sandarsa, yana bugawa yana ƙarawa, daidai ƙusar da igiyarsa ke rataye.

Ta tsaya da hannu a sama. Tana yarinya takan leƙa ta tagar a-kori-kura idan an fita kamu. Sai yanzu ta lura da abin da ta sha gani: mahaifinta ba ya ko kallon karen. Wucewa yake ya nufi saniyar da igiya.

Ta koma ta ɗauko igiyar. Ta matsa kusa da ƙahonin, kusa har tana jin warin numfashin saniyar. Jifan farko ya zame. Na biyu ya zauna. Ta zagaya igiyar a jikin bishiya, ta ja, ta ɗaure, igiya ta miƙe tsaf.

Cotton ya juyo da ido ɗaya ya dubi igiyar. Lurleen ta dafa kafaɗarsa. Ya buɗe baki, ya ja da baya, ya zube a ciyawa. Kunnen saniya na nan lafiya, sai shatin haƙori.

Ashe wancan karon ma jira yake. An ba shi riƙo, ba wanda ya zo ya karɓa, shi kuma ba a koya masa ya saki saniyar da ba ta hannun kowa ba.

Ta ja shi inuwa, ta kunna famfo tana zuba masa ruwa a ciki da tafin ƙafa har numfashinsa ya daidaita. Kawu Dewey ya ƙaraso yana ɗingishi, ya duba kunnen, ya duba ƙullin igiyar.

"Wannan ƙulli naki ko akuya sai ta yi masa dariya."

"Ya riƙe dai, Kawu. Gobe fa?"

Ya cire hula ya sosa sanƙo. "Gobe kamun kifi za ni. Wa ya ce miki ina da lokacin kare?"

Cotton ya miƙe, ya girgije ruwan a jikinsu duka, ya hau baranda ya mayar da haɓarsa gwiwar Hoyt. Lurleen ta kwance igiyar bayan an yi wa saniya magani. Za ta mayar da ita ƙusa, tsohon ya tare da sandarsa, ya tura mata ita baya.